Tagwaye a Rufin Tanki na Uku

Litinin, 2 ga Yuni

Na iso daffon ajiyar mai da la'asar. Ɗakin da suka ba ni yana bayan ofis: gado ɗaya, kujerar roba, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo min a ka. Wanda ya kwana a nan kafin ni ya bar silifa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Ɗaya! Inda ya kai ɗayar, oho.

Manaja a tsaye ya karɓe ni. Ya nuna min tankunan man ta taga. Uku ne, manya, kowanne ya fi gidan bene tsawo. Biyu an rufe su bara, wani abokin aikina ne ya auna su ya ce tsatsa ta gama da su. Saura na uku, shi kaɗai ke riƙe da wurin. "Injiniya," in ji shi, "in wannan ya faɗi awo, kamfani rufe daffon zai yi gaba ɗaya. Ina dai gaya miki ne." Na ce na ji. To me yake so in ce? Ni na zuba wa tankin tsatsa?

Na bi ta gaban rumfar da ma'aikata ke zama, na yi sallama. Mutum ɗaya ya amsa, shi ma ciki-ciki. Ba sabon abu ba ne. Duk inda na je haka ake karɓata, kamar wadda ta zo da saƙon mutuwa. Ko a jikina.

Talata, 3 ga Yuni

Na fara da gindin tankin. In kankare fenti da buroshin waya, in shafa mai, in ɗora bakin na'ura, in rubuta lambar kaurin wurin da alli a jikin ƙarfe, in matsa gaba. Haka zan zagaye shi, sannan in hau sama.

Sun jeru daga nesa suna kallona. Mai waldarsu, wani dogo da rigarsa ta sha ƙuna duk huji, Tartsatsi suke ce masa, shi ya ɗaga murya: "Jama'a ku zo ku gani, awon ciki ake yi wa tankinmu! Irin na asibiti sak, har da man shafawar. Ungozoma, sannu da aiki!" Suka kwashe da dariya. Na sha mur, ban ko waiwaya ba.

Kafin magariba har mai gadi Ungozoma yake ce min. Allah ya isa.

Laraba, 4 ga Yuni

Gindin lafiya lau. Yau da ƙarfe kaɗai na yi magana.

Alhamis, 5 ga Yuni

Babbar na'ura ta mutu. Yayyafi ya kama ni a kan tsani, kafin in rufe ta ruwa ya shige ta, allon ya yi fari fat. Ita ce mai nuna min hoton sautin da nake aikawa cikin ƙarfe, in ga da idona yadda ya tafi da yadda ya dawo. Na kira ofishinmu, suka ce in aiko da ita gyara, in ci gaba da ƙaramar. Ƙaramar lamba kawai take bayarwa, ba ta nuna yadda ta samo ta. Bakinta ma ya fara cinyewa, tun yaushe nake cewa a sauya. Wa ke saurarena?

Na kira 'yata sau biyu, ba ta ɗaga ba. Can ta turo saƙo: "Umma ina aji." Na san tana aji. Muryarta kawai nake so in ji.

Asabar, 7 ga Yuni

Yau wani ya yi min magana ta mutunci. Tsohon da ke awon mai, Baba Mai-awo. Kullum da safe nakan gan shi yana hawa matakalar tankin da tef ɗin awonsa a rataye, ya taka rufin daga bakin matakala har zuwa wani murfi da ke can gefen arewa, ya buɗe, ya zura tef, ya ga inda mai ya tsaya. Gajere ne, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai, amma bai taɓa tsayawa hutu a hanya ba.

Ya tsaya a kaina ina aiki. "'Yata, wannan abin naki me yake ji a ciki?"

Na ce sauti yake aikawa cikin ƙarfen, irin wanda kunne ba ya ji. Sautin ya je ya bugi bayan ƙarfen ya dawo, kamar amsa-kuwwa. In ya daɗe bai dawo ba, ƙarfen na da kauri. In ya dawo da wuri, tsatsa ta cinye shi ta ciki, inda ido ba ya kaiwa, ko da waje yana ƙyalli da fenti.

Ya gyaɗa kai. "Ashe aikinmu ɗaya. Ni ma abin da ban gani nake aunawa." Ya ce tun ana gina tankin yake nan, ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki, fatansa ya ajiye da tankin a tsaye. Na ce Allah ya sa. Ya ce amin, ya tafi yana ɗingishi.

Maganar ba ta fi haka ba, amma ina ta juya ta a raina har yanzu. Kin ji ki, mace da girmanki.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ba kowa a daffon sai ni da mai gadi da wata kyanwa. Na yi wanki, na dafa shinkafa ta fi ƙarfina. Har yanzu ban iya dafa abincin mutum ɗaya ba, tun rasuwar baban yarinyar nan hannuna ya ƙi koyo. Yaya ya kira, maganarsa ɗaya ce kullum, wai yaushe zan bar yawon hawa ƙarfe in zauna wuri ɗaya. Na ce in zauna da wa, Yaya? Sai ya koma tambayar ruwan sama.

Talata, 10 ga Yuni

Jikin tankin ya ƙare, ya ci awo. Jiya da yau ina kan rufi. Rufin ne dama abin tsoro, don tururin mai ta ƙasa yake cin sa. Kaurin sabonsa milimita biyar ne. In ya sauka ƙasa da biyu da rabi, an haramta wa mutum taka shi.

Gabas da kudu ba laifi, huɗu da wani abu. Da na bi hanyar da Baba ke takawa zuwa murfinsa sai lambobin suka fara sauka: huɗu, uku da rabi, uku, har biyu da ɗigo tara. Na ci gaba da aunawa. Sai kuma suka tashi: uku da ɗigo takwas, uku da ɗigo shida, haka har bakin murfin. Lambar takan yi rawa kafin ta tsaya, na ƙara mai, na danna, ta tsaya. Wallahi ajiyar zuciya na yi. Na zauna a kan rufin na ce alhamdu lillahi a fili, ni kaɗai.

Na sauko na gaya wa manaja tankin ya tsira. Ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Yau ya san akwai kujera a ofishinsa da za a ba baƙo. Nan take ya ɗauki waya ya kira manyansa.

Tun da na fara aikin nan ban taɓa zama mai kawo albishir ba. Ashe haka yake da daɗi.

Laraba, 11 ga Yuni

Ikon Allah! Lokacin hutun rana na kama hanyar ɗakina, Tartsatsi ya tare ni. "Haba Ungozoma, an sauka lafiya kuma ki wuce ba barka?" Suka matsa min a benci. Aka zuba min shayi mai sukari kamar za a kashe ni, aka yago min burodi. Wani direban tanka mai jan hula ya ba da labarin yadda surukarsa ta kama shi yana barci a ƙarƙashin mota ranar da ya ce mata yana kan hanya. Na yi dariya har na ƙware. Ni! Rabona da irin dariyar nan na manta.

Baba ya ce musu, "Ai na gaya muku yarinyar nan ba muguwa ba ce, fuskarta ce kawai a ɗaure." Na ce Baba rana ce. Suka ce ƙarya ne, ko a inuwa haka take.

Tartsatsi ya ce 'ya'yansa huɗu, na biyar yana hanya, da an rufe wurin nan bai san inda zai sa kansa ba. Ya faɗa yana dariya, amma idonsa bai yi dariyar ba.

Na dawo ɗaki, ɗakin ma sai na ga kamar ya ƙara faɗi.

Alhamis, 12 ga Yuni

Matar Tartsatsi ta aiko min da abinci a kwano mai murfi. Ni aka dafa wa.

Muna rumfa, shi kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya nuna tankin da cokali. "Ungozoma, kin gama awo ba ki gaya mana ba, mace ce ko namiji?" Na ce sai an haihu. Ya ce, "Ni fa girman cikin nan yana ba ni tsoro. Anya kin duba da kyau? Kar a je tagwaye ne!"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na fara, sai na tsaya cak.

Tagwaye. Haka malamin da ya koya mana aikin yake kiran abin. In ƙarfe ya yi siriri ƙwarai, bayansa kuma ya yi kurajen tsatsa, ƙaramar na'ura takan rasa amsa-kuwwar farko. Sautin ya je ya dawo ba ta ji ba, ya sake zuwa ya dawo, sai ta kama na biyun. Tafiya biyu ta ƙirga a matsayin ɗaya, ta ba ka lamba ninki biyu. Yakan buga tebur ya ce, in kuka ga lamba tana sauka sai kuma ta yi tsalle sama ba dalili, ku nemi tagwaye. Tsatsa ba ta mayar da abin da ta ci.

Biyu da ɗigo tara, sannan uku da ɗigo takwas. Rabinsa ɗaya da ɗigo tara.

Na ce musu kaina ke ciwo, na taso. Ƙila ba haka ba ne. Ƙila an taɓa sauya farantin wurin, shi ya sa ya fi kauri. Ana yi ai. Abincin yana nan a rufe, na kasa ci.

Juma'a, 13 ga Yuni

Da safe na tsaya a bakin ƙofata ina kallon Baba yana hawa. Na yi niyyar kiransa. Wallahi na yi niyya. Ya ɗago min hannu daga tsakiyar matakala, ni ma na ɗaga masa, bakina ya mutu. Ya taka rufin, ina jin takunsa daga ƙasa, kwam, kwam, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nauyi. A ƙarƙashinsa mai ne cike. Na riƙe ƙofar har yatsuna suka yi ciwo. Ya buɗe murfinsa, ya auna, ya dawo, ya sauko yana tasbihi.

Me na tsaya jira? Tabbaci, na ce wa kaina. Ƙarya nake. Benci nake jin tsoron rasawa, da kofin shayi. Kunya ta ishe ni.

Na je juji bayan shagon walda na tsinto guntun farantin ƙarfe siriri da tsatsa ta ci. Na auna bakinsa da ma'aunin hannu: bai kai biyu ba. Na ɗora ƙaramar na'ura. Ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya a uku da rabi. Na ɗaga na sake ɗorawa, haka dai. Na zauna a kan tsohuwar taya na rasa abin da ke min daɗi.

Na tambayi Baba a fakaice ko an taɓa sauya farantin rufin wajen murfinsa. "Ko sau ɗaya," in ji shi da alfahari. "Na asali ne."

Tartsatsi ya leƙo yana kirana shayi. Na ce ina da aiki.

Asabar, 14 ga Yuni

Na riga kowa fita. Na ɗaure matakalar da sarƙa, na rataya jan ƙyalle, na tsaya a wurin.

Baba ya iso da tef ɗinsa. "'Yata, lafiya?" Na ce Baba ba za ka hau ba yau. Ya yi murmushi, ya ɗauka wasa ne. Na ce awon da na yi wa rufin akwai kuskure, inda kake takawa ƙila bai wuce rabin abin da na faɗa ba. Ya kalli sarƙar, ya kalle ni. "Jiya ma ai na hau." Na ce na gani. "Kin gani." Bai ƙara ba. Da ma zagina ya yi.

Manaja kuwa ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya riga ya gaya wa manya, yanzu da wane baki zai koma? Na ce da bakin da zan koma wa nawa manyan, yallaɓai, ni ma ba biki za su yi min ba. Ya ce in bari babbar na'ura ta dawo tukuna a tabbatar, kafin nan a ci gaba da aiki yadda aka saba. Na ce a tabbatar ɗin na yarda, amma ba mai taka rufin nan. Ya ce ke ce manaja ko ni? Na ce kai ne, in ka ga dama ka kwance sarƙar da hannunka ka fara hawa. Bai kwance ba.

Na kira ofishinmu na faɗa musu komai, har da cewa na ba da sakamako da baki kafin in tabbatar. An wanke ni tas. Na cancanta.

Da rana na wanke kwanon na kai wa Tartsatsi. Na same shi a rumfa. Ya karɓa bai kalle ni ba. "An gode, Injiniya."

Injiniya. Sunan da na yi ta so su kira ni da shi ke nan, yau ya soke ni kamar ƙusa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ko kyanwar ba ta zo ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Ina wucewa na ji mai jan hula yana cewa da ba ta iya ba ai da ba ta sa mana rai ba. Gaskiyarsa. Wanda bai taɓa cewa ka tsira ba ya fi wanda ya faɗa ya janye.

'Yata ta kira da kanta. Na fara ba ta labari, ta ce, "Umma ai daidai kika yi," da sauri, kamar mai amsa tambayar jarrabawa. Na san daidai ne. Daidai ɗin ba ya zama da mutum ya sha shayi. Na ce ta kula da karatu.

Laraba, 18 ga Yuni

Babbar na'ura ta dawo jiya. Don in hau lafiya sai an shimfiɗa katako a kan ƙarafan da ke riƙe da rufin, in bi ta kai da igiya a ƙugu. Manaja ya sa Tartsatsi ya hau da katakan. Ya yi aikin tsaf, ya ɗaure igiyata ya ja ta sau biyu ya tabbatar.

Na ɗora bakin na'ura a kan lambar da na rubuta da alli, uku da ɗigo takwas. Ga tagwayen nan a allo, layi biyu a tsaye. Na farkon gajere, a raɓe, da ƙyar ya ɗago kai. Na biyun dogo a bayansa. Ƙaramar ta tsallake na farkon ta kama na biyun. Ɗaya da ɗigo tara. Gaba kaɗan ɗaya da ɗigo shida. Dab da murfin, inda Baba ke durƙusawa ya zura tef, ɗaya da ɗigo uku. Murfin gwangwanin madara ya kusa fin sa.

Na goge tsofaffin lambobin da tafin hannuna na rubuta na gaskiya.

Baba ya hau har ƙarshen matakala, iyakar inda aka yarda ya tsaya. Na dawo ta kan katako na nuna masa allon, na ce ga tagwayen da suka ruɗe ni. Ya daɗe yana kallo, na san ba ya gane zanen. Sai ya nuna wajen murfin da haɓa. "Nan nake sa gwiwa?" Na ce nan. Ya kalli takalminsa. Ya ce, "To." Ya juya ya fara sauka. Yau ya tsaya hutu a hanya.

Tartsatsi yana kwance igiyar ya ce, ba da ni yake ba, da igiyar yake: "Ashe bakina ne ya jawo mana." Na ce bakinka ne ya hana a ciro Baba daga cikin mai. Ya naɗe igiyarsa ya sauka.

Juma'a, 20 ga Yuni

Hukunci ya zo. Za a kwashe man, a dakatar da daffon. Ko za a gyara rufin ko za a rufe har abada, ba su yanke ba, wai sai sun ga yawan ɓarnar. In duka rufin ne, sun haƙura da shi. Direbobi an tura su wani wurin. Masu aikin yini an sallame su. Baba an ce ya ajiye aiki yanzu, ba sai ƙarshen shekara ba. Tartsatsi da mutum biyu za su zauna har a gama kwashewa, bayan nan Allah masani.

Ofishinmu sun ce aikina ya ƙare, mota za ta zo ranar Litinin, akwai wata gada da ke jirana. Auna sauran rufin daki-daki kuwa, in kamfanin ya nema, za a turo wani daga baya. Daga baya! Na san wannan daga bayan. Kafin a turo wani an daɗe da yanke hukunci a kan takarda.

Na fara haɗa kaya. Dama haka nake yi, in faɗi lamba in shiga mota. Duk wuraren da aka rufe da awona, ban taɓa ganin ranar da mutane ke kwashe kayansu ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Motocin tanka suna ta jan mai tun safe. Ƙarar famfo ta hana ni tunani, na gode mata.

Litinin, 23 ga Yuni

Motar ta zo, ta koma da direba shi kaɗai.

Na kira ofis na ce rufin bai kammalu ba. Gabas da kudu ma da ƙaramar na'ura na auna su, dole a sake da babbar, faranti bayan faranti. In ya tabbata gefen arewa ne kaɗai ya mutu, ɓarnar ba ta kai ta rushe wuri ba, kuma gara kamfanin ya ga haka kafin ya yanke. Suka ce gadar fa? Na ce gadar ta daɗe a tsaye, ta ƙara haƙuri. Suka ce me ya shiga kaina, wurin da ba mai son ganina? Na ce aiki ne bai ƙare ba. Aikin ne kawai. Kuma ni na san rufin.

Yau Baba ya kwashe kayansa. Ban yi niyyar fita ba, shara na je zubarwa. Na same shi a bakin ɗakin ajiya da jaka da tsohuwar hular kwano da buta, hannu biyu ba su isa ba. Ya tsaya zai gyara igiyar takalmi, ya miƙo min jakar ba tare da ya dube ni ba. Da ya miƙe bai karɓa ba, ya kama hanya, na bi shi a baya.

Mun kusa ƙofa ya ce, "Da kin yi shiru, da na ƙarasa shekarata." Na ce ƙila. Ya ce, "Ƙila." Muka ci gaba da tafiya. Ya ce matarsa da ta ji labarin ta yi ta kuka, har yanzu bai gane ba ko na aikin ne ko na rufin. A bakin titi ya karɓi jakarsa. "Ki ci abinci, 'yata, kin rame." Ya hau mota. Na tsaya har ta sha kwana, ƙurar titi ce ta shiga idona.

Da rana ban koma ɗaki ba. Rumfar ce ta fi kusa, kuma ƙafata na ciwo. Mutum uku ne kawai a ciki. Na zauna a ƙarshen benci. Ba wanda ya ce zo, ba wanda ya ce tashi. Aka sha shayi, ba a zuba min ba, ban nema ba.

Tartsatsi ya miƙe zai tafi, ya tsaya ya ba ni baya. "An ce ba ki bi motar ba."

Na ce e.

"In gabas ɗin ma ya mutu fa?"

Na ce to zan faɗa, ranar da na gani, kuma a nan zan faɗa, ba a waya daga wani gari ba.

Ya daɗe yana kaɗa kofinsa. "Katako nawa kike so gobe?"

Na ce duk wanda ya samu. Ya ce in fito da wuri kafin ƙarfe ya yi zafi.

Na kwance jakar da na haɗa. Na sa na'ura a caji.